Karfasar Walimar Kansila

Shekarar da soja za su koma bariki, Lawan mai walda na Gyaɗi-Gyaɗi ya gina tankin siminti a bayan gidansa, ya zuba 'ya'yan karfasa ɗari uku, shi da bai taɓa kiwon ko kaza ba. Wanda ya ci zaɓen kansila a mazaɓarsu ne ya hure masa kunne: in kifin ya yi kyau shi za a ci a walimar rantsuwa, daga nan kuma duk wani taron siyasa sai kifin Lawan.

Kifi kuwa ya yi kyau. Lawan na zuba kashin kaji, ruwa ya yi kore shar da gansakuka, karfasa na ci tana kumbura. Sai unguwa ta taso kallo. Wannan ya leƙa ya ce kai, wancan ya ce Lawan ya zama Alhaji, kuma cikinsu da wuya ka ji mai cewa masha Allah. Saura kwana huɗu walima, tsoron kambun baka ya hana shi sukuni. Ya kwaso kwanon rufi daga shagonsa ya jera a kan tankin, ya bi da tamfol, ya danne da bulo.

Maƙwabcinsa Malam Daniel, mutumin Kafanchan mai koyar da kimiyya a wata sakandare a Tarauni, ya leƙo ta katanga.

"Malam Lawan, rufe su za ka yi haka?"

"Ido ya yi yawa, Ticha."

"Ka bar musu rana. Koren nan da kake gani mai rai ne. In akwai haske shi ke saka iska a ruwan. In babu haske, numfashi yake yi kamar ni da kai, ya shanye iskar da kifin ke buƙata."

Lawan ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Gansakukar ce ke numfashi? Ina hancinta?"

"Ba ta hanci take yi ba."

"To ta ina? Ticha, ka bar wa 'yan makaranta wannan. Ni aji uku na yi, amma na san ciyawa."

Ya ƙara bulo biyu.

Safiyar walima Ƙasimu, yaron kansila, mutum mai furfura a gemu, ya iso da baho biyu a bayan akori-kura. Lawan ya sa sabuwar shadda. Ya janye tamfol, ya ɗaga kwano ɗaya, wari ya riga shi magana. Fararen cikkuna ne jere a saman ruwa daga bango zuwa bango. Guda tara ne suka rage a wata kusurwa inda kwanon ya huje, suna ta buɗe baki.

Matarsa Uwani ta toshe hanci da mayafi. "To Malam, yanzu kam babu mai yi musu baki."

Ƙasimu ya mayar da bahonsa mota, ya nufi wajen wani mai kifi a Hotoro.

Da la'asar Lawan ya je walimar, don kada a ce ya ɓuya. Aka miƙo masa faranti, kifin Hotoro a kan shinkafa. Ya cinye tas, ya tsotse ƙaya, ya karɓi na biyu, sannan ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa gishiri ya yi yawa.