Tela a Ƙarƙashin Akori-kura

Malam Mainasara tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kai shadda shagonsa na bayan rijiyar Kusugu a Daura zai shaide shi da abu guda: idonsa ba ya kuskuren launi. Ka kawo masa yadi ruwan ƙasa, zai miƙa hannu cikin kwali ya zaro zare ko karawa bai yi ba, ya hau kamar tare aka saƙa su. Wannan baiwar ce ta ciyar da gidansa, ita ce kuma ta kwantar da shi a ƙarƙashin mota ranar jeren 'yarsa.

Motar wata tsohuwar akori-kura ce da ya saya don kai taki gona da kwaso gero. Ta yi masa biyayya shekara da shekaru, sai bana ta tsiro da sabon hali. Mai take sha ba bisimilla, ga hayaƙi baƙi ƙirin. Wanda ya biyo bayanta a babur, in ya isa gida sai an tambaye shi ko a gidan burodi ya wuni.

'Yarsa Siddiƙa za a kai aure garin Babban Mutum. Uban ango, Alhaji Yahya mai fataucin hatsi, ya aiko cewa kada a wahala, yana da sabuwar mota, za ta zo ta kwashi kayan ɗaki. Mainasara ya yi godiya, ya ce a bar shi. Akwai girman kai a ciki, ba kaɗan ba kuwa, amma ba shi kaɗai ba ne. Siddiƙa 'yar fari ce, shi kuma mutumin da ne wajen kunya. Bai taɓa kiran sunanta a gaban jama'a ba, bai taɓa yi mata wasa ana kallo ba. Yana sonta so mai ciwo, al'ada kuwa ba ta bar masa ƙofar faɗa ba. Biki na mata ne, auren ma ƙaninsa ne zai bayar. Abu ɗaya ya rage masa a duk hidimar: kayan yarinyar su shiga Babban Mutum a motar ubanta, shi yana riƙe da sitiyari.

Yayarsa Maiturare, shugabar 'yan jere, ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Mainasara, farar katifa da labulen leshi za ka ɗora a kan wannan murhun? Kafin a kai Zango sun zama tsumman goge tukunya."

"Za a gyara, Yaya."

"Allah ya sa. Ni dai ga lambar direban Alhaji nan a wayata."

Ya kai motar wajen Audi mai wayarin. Audi ya jona mata kwamfuta, ya ce, "Sensa ce ta mutu, Malam. Wani ɗan ƙarfe ne a jikin salansa, shi ke shinshina hayaƙi ya gaya wa injin ko mai ya yi yawa. Tunda hancinsa ya toshe, injin zubawa kawai yake yi." Aka aika Kano a sayo sabuwa. Ba ta iso ba sai ana gobe jere, a lokacin kuwa Audi ya tsallaka Damagaram gaisuwar rasuwa, wayarsa ko shiga ba ta yi.

Mai hankali da ya nemi wani mai wayarin, Daura ba ta rasa su ba. Mainasara kuwa ya juya ɗan ƙarfen a tafin hannunsa, ya ga bai kai kan keken ɗinki wuyar sha'ani ba. Mutumin da ke warware keke ya mayar, wannan ɗan abin ne zai gagare shi?

Da aka idar da sallar asuba ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota da sifana. Tsohuwar sensa ta yi tsatsa ta kafe. Ya ɗiga mata man keke, ya jira, ya murɗa, sai ga ta ta saki. Wannan nasarar ce ta cuce shi, don daga nan bai ƙara shakkar kansa ba.

Sabuwar ba ta zo da soket ba, wayoyi huɗu ne kawai tsirara. Ya sa almakashi ya datse soket ɗin tsohuwar don ya jona. Wayoyin soket: baƙi biyu, fari ɗaya, shuɗi ɗaya. Na sabuwar: fari biyu, baƙi ɗaya, ruwan toka ɗaya. Mainasara ya yi murmushi shi kaɗai. Ashe masu ƙera mota da teloli suka yi shawara. Baƙi ya bi baƙi, fari ya bi fari, wannan ko makaho ya sani. Saura biyu nan, biyu can. Ya ɗan ƙanƙance ido irin yadda yake yi wa yadi. Ruwan toka ai ƙanin baƙi ne, ya haɗa su. Shuɗi da fari kuwa ko a babbar riga suna tafiya tare. Ya naɗe kowace da salatif, ya bi da zare ya ɗaure tsaf, aiki mai kyan gani wanda ba mai ganinsa sai ƙadangare.

Ya fito yana karkaɗe riga, ya ce a fara lodi. Maiturare ta ce ya tayar da motar tukuna a gani. Ya ce ai ba a gwada riga a jikin tela. Abin da yake nufi da wannan, shi kansa har yau bai sani ba.

Aka ɗora gado, aka ɗora katifa, kujeru, wadirob, kwalla-kwalla da madubi a naɗe cikin bargo. Kayan suka yi tsiri, unguwa ta fito kallo. Mainasara ya sa hula, ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Wani abu ya ce tas a ƙasan sitiyari, ɗan ƙaramin sauti kamar an ƙarya tsinke. Injin ya yi ta gurnani, bai kama ba.

Maƙwabta suka ce a tura. Aka tura ta da kayanta har ƙarshen layi, aka turo ta baya, magidanta masu furfura suna haki. Motar da jiya take tafiya da hayaƙinta, yau ko hayaƙin ta hana. Garin gyaran gira an rasa ido. Maiturare ta koma gefe ta kara waya a kunne.

Kafin azahar motar Alhaji Yahya ta iso, fara sol, injinta ko tari ba ya yi. Mainasara ya ce bari ya ƙara dubawa, ya sake shigewa ƙarƙashin tasa. Ba dubawa ya shiga yi ba, ɓuya ya shiga. Daga nan ƙafafu kawai yake gani suna kai da kawowa, yana jin motarsa tana ɗagawa sama kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka sauke wani abu. Ya ji an ja gado, ya ji kwalla sun yi ƙara, ya ji guɗa. Ba wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce a ransa, Mainasara, an ba ka abu ɗaya ka yi wa yarinyar nan, ka tsaya kana yi wa salansa anko.

Da layin ya yi tsit, sai ya zuba wa wayoyin ido, don ba shi da wani abin kallo. Baƙi biyu a nan. Fari biyu a can. Ya daɗe yana dubansu kafin abin ya faɗo masa. In ka ga hannun riga biyu a tebur, ka ga kafaɗa biyu, ba ka tambayar launi. Biyun nan na biyun can ne. Kama da wane ba wane ba ce.

Ya warware zarensa mai kyau, ya haɗa baƙaƙen da fararen. Ya buɗe akwatin fiyus ya tarar ɗaya ya ƙone, ya ciro na rediyo mai launi irin nasa ya sa, kuma a nan ne kaɗai launi ya yi masa rana. Mota ta tashi tana hayaƙi. Ya kashe, ya sauya sauran wayoyin biyu, shuɗi ya koma kan baƙi, fari kan ruwan toka. Da injin ya yi zafi sai ya daidaita, ya koma wani lallausan sauti da Mainasara ya manta tana da shi. Ya kara farin ƙyalle a bakin salansa, ya ɗauke shi fari.

Ga mota lafiya lau, ga direba, ga mai a tanki. Bayanta kuwa wayam, sai igiya. Ya zauna a kan buhunsa ya yi dariya, irin wadda ba ta da nisa da kuka.

Sai ya ji ana gangaro wani abu daga zaure. Siddiƙa ce, lulluɓe da mayafi, hannuwanta a ɗaure cikin lalle, tana tura turmi da ƙafa. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, an manta da turmi."

Uwarta Hussaina ta biyo ta da taɓarya a hannu. "Wace mantuwa? Tun da aka fara sauke kaya ta kife shi ta zauna a kai, ta baza mayafi. Gwaggonta ta yi neman duniya. Wai motarka za ta tashi."

Mainasara ya dubi turmin, don ba zai iya duban yarinyar ba. Ya ce, "To. Koma ciki, ke, rana."

Ya ɗora shi a tsakiyar bayan mota, ya ɗaure da igiyar da aka tanada don wadirob, ya zagaya ta ko'ina har turmin ya zama kamar wanda zai gudu. Taɓarya ya sa a kujerar gaba. Ya kama hanya a hankali, yana kauce wa kowane rami.

A shingen da ke gaban Zango wani ma'aikaci ya leƙa baya, ya dawo yana dariya.

"Baba, duk wannan motar, turmi ɗaya?"

Mainasara ya gyara zaman hularsa.

"Kayan 'yata ne," ya ce.