Turancin Sammani a Bakin Kanal

Sammani manomin tumatir ne a Kura, kuma ba abin da ke masa daɗi kamar ya ga taubashinsa Iliyasu ya ji kunya a gaban jama'a. Tun suna yara haka suke. A ranin shekarar 2004 Iliyasu ya fara sayar da injinan ban-ruwa, ya kuma sa ranar da zai gwada wa manoma sabon inji a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Tun da ya yi wata uku a Legas ba ya jimla biyu bai jefa Turanci ba, wannan ne ya fi ci wa Sammani rai.

Sai Sammani ya hau babur ya tafi Bunkure wajen ƙanwarsa Barira, malamar firamare.

"Barira, ba ni wata kalmar Turanci mai zafi, wadda ake gaya wa mutum in ya kwafsa a gaban mutane."

"Yaya, wa za ka wulaƙanta?"

"Ke dai ba ni."

Ta yi dariya ta ce, "Ka ce, 'Poor show.' Wato abin da ka nuna mana bai yi ba ko kaɗan. Amma ba da ihu ake faɗa ba. Sai ka bari ya gama, ka girgiza kai, ka faɗa a hankali kamar kana tausayinsa."

Duk hanyar komawa yana maimaitawa, amma bakinsa ya ƙi ba shi komai sai "Fuwa sho."

Ranar gwaji manoma suka cika bakin kanal. Iliyasu ya sha shadda, ya zura tiyo a ruwa, ya yi ta zuba bayani rabi Hausa rabi Turanci. Sannan ya ja igiyar inji. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Ya ciro fulogi ya busa, ya mayar, ya ja har hularsa ta faɗi. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Wasu suka fara kaɗe riguna za su tafi.

Daɗi ya kama Sammani. Ya matso gaba, ya harɗe hannuwa, ya girgiza kai.

"Fuwa sho," in ji shi, a hankali.

Iliyasu ya ɗago da sauri. Shi abin da kunnensa ya jiyo masa "fuwal" ne, wato fetur. Ya buɗe tanki ya leƙa, ƙaf, ko ɗigo babu. Aka zuƙo mai daga babur ɗin wani aka zuba, ja ɗaya inji ya tashi, ruwa ya yi tsalle ya malale cikin gona.

"Allah ya saka da alheri, ɗan kawu!" Iliyasu ya rungume shi da jiƙaƙƙiyar riga. "Jama'a, ko taɓa injin bai yi ba ya gano ciwonsa!"

Sammani ya buɗe baki zai yi gyara, tafi ya danne muryarsa.

Washegari da hantsi aka yi masa sallama. Wasu manoma biyu ne daga Garun Malam, sun ɗauro tsohon inji a bayan babur, wai an ce musu shi kallo ɗaya yake yi wa inji ya gano ciwonsa. Sammani ya buɗe tanki da zumuɗi, ya tarar da shi cike fal. Ya zagaya injin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya kwatanta musu shagon Iliyasu, ya ce yau idonsa ke ciwo.