Ninki Uku a Ƙafar Wando

Su biyu ne a shagon ɗinkin, Yaya da ƙanwarta da kowa ke kira Ƙarama, kowacce da kekenta. Kayan makaranta suke ɗinkawa, kuma satin komawa makaranta shi ke riƙe shagon har shekara ta zagayo.

Ƙarama ce mai kan dabara. Ta gaji da jin mitar iyaye cewa yara tsawo suke kamar ana jan su, wandon bara ya ɗage har ƙwauri. Sai ta fara ɓoye ninki uku a ƙafar wando da hannun riga, kowanne da zare mai launi daban. Yaro ya ƙara tsawo, a farke ɗaya, wando ya sauko.

Yaya ta juya wandon, ta taɓe baki.

"Wandon da ke girma da yaro, yaushe uwarsa za ta dawo mana?"

"Haba Yaya, ke dai ba kya son sabon abu."

A shekarar kuwa ciniki ya buɗe. Layi har bakin titi, telan da ke kallonsu sai hamma yake. Ƙarama ta riƙa taku ɗaiɗai, har tana tsokanar Yaya da tsohon yayi.

Da shekara ta zagayo suka jibge yadi, suka share shago, suka zauna. Litinin shiru, Talata shiru. Yara na wucewa cikin wandunan bara, cif-cif da idon sawu, gwanin kyau. Yaya ta ce idan satin ya ƙare a haka, sai dai a sayar da keke ɗaya, ita ta koma gida. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma wannan ya fi yi wa Ƙarama ciwo.

Ranar Alhamis wata mata ta shigo da fara'a, leda a hannu. Ƙarama ta miƙe da sauri har da jawo tef ɗin awo.

"Anti, Allah ya yi miki albarka! 'Ya'ya huɗu, bana ko ɗaya ban yi wa ɗinki ba." Ta zaro wando daga ledar. "Jan zaren ake fara farkewa ko shuɗin? Ɗan ara min reza."

Ƙarama ta miƙa mata rezar, ta ce ja ne. A bayanta Yaya ta riga ta fara kwance bel ɗin kekenta.