Kada Wayar Baba Ta Mutu

Tun ranar da Baba ya rasu ba mu bar wayarsa ta mutu ba. Ƙaramar waya ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Baba ya sa wa layin lambar sirri, ya tafi bai faɗa wa kowa ba. In wayar ta mutu aka kunna, lambar za ta nema, shi ke nan layi ya rufe. Don haka kullum tana jikin caji a gefen gadon Umma. In aka ɗauke wuta, ni ce mai gudu da ita shagon Dogo mai gyaran waya, shi yake da janareta.

Saboda Yaya muke wannan wahala. Ya bar gida bayan sun yi faɗa da Baba, kuma lambar Baba kaɗai ya haddace. Yakan kira jefi-jefi da wayar aro, kullum da lamba daban. Ba ya magana. Numfashi kawai ake ji, sai ya kashe. Umma ta ce ko a cikin kasuwa ta san numfashin ɗanta.

Sai ga Anti, babbar yayarmu da ke aure a ƙasar waje, ta gama mana takardu. Za a yi wa Umma aikin gwiwa a can, ni kuma in yi jinya. Ana gobe za mu tashi na je ofishin kamfanin layin. Sai da na bar mutum biyu suka wuce ni kafin na iya matsawa gaban gilashi.

"Layin nan ba zai yi aiki a waje ba sai an buɗe shi," in ji matar da ke ciki. "Mai layin ya zo ya ɗora yatsa."

"Ya rasu," na ce.

"Allah ya jiƙansa. To sai a sauya suna. Amma fa ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba."

Da na faɗa wa Umma, sai ta zauna a kan akwatin da muka gama ɗaurewa.

"To ba inda za ni."

"Umma, ƙafarki fa?"

"Ƙafar ta jira. In ya kira ya ji a kashe, cewa zai yi mun yar da shi."

"A bar wa Gwaggo mana."

"Gwaggonki? Wadda jikokinta ke wasan mota da wayarta?"

Na ɗauki wayar Baba don kawai in sami abin yi da hannuna. Sai na ji ta da zafi. Bayanta ya tasa kamar ciki, robar ta miƙe. Na cire ta daga caji, nan take alamar batir ta koma ja. Na mayar da sauri.

Muka tafi shagon Dogo, ni da waya a gaba, Umma a baya tana dogara sanda. Wayar tana ta ƙara irin ta neman caji, ni kuma ina ta salati a zuci har muka isa.

Dogo ya jona ta, ya juya ta. "Hajiya, batirin nan ai cikin wata tara gare shi. Yau ko gobe zai haihu." Ya sa farce zai zare robar.

"Kar ka buɗe!"

Ni kaina ban san muryata ba ce. Duk shagon aka juyo. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur, amma ban saki hannunsa ba.

"Ikon Allah," in ji Dogo. "Ashe Kurma tana magana." Haka yake ce mini tun ina ƙarama.

Na yi masa bayani ina kallon ƙasa. Wannan samfurin, in aka zare batir, mutuwa take yi ko tana jikin caji. Shi ma ya sani. Dariyarsa ta ɗauke. Ya kashe rediyo.

"Akwai hanya, amma ban yi alkawari ba. Zan liƙa mata wani batirin ta waje da siraran wayoyi biyu, ya riƙe ta kafin in sauya. In hannuna ya goce, ta tafi."

Umma ta nuna wayar. "In aka bar ta fa?"

"Ba za ta kai jibi ba."

"Yi bismilla."

Ya ce in riƙe wayar a kife, kada in motsa. Ya buɗe bayan a hankali. Ƙarfen liƙinsa ya yi zafi, warin dalma ya cika mini hanci. Ya liƙa siraran wayoyin, ja da baƙa. Gumi na bin goshina, ba halin sharewa. Wani ya leƙo yana tambayar caja, Dogo ya ce, "Malam, don Allah dawo an jima," ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya sa bakin ɗan sukuddireba ya ɗaga tsohon batirin. Ya ƙi fita, ya kumbura ya cika gurbin. Ya ƙara matsawa. Batirin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, hannuna ya girgiza.

"Kurma!"

Na leƙa ta ƙasa. Hasken fuskar wayar ya dushe, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Umma ta kama kafaɗata har na ji farcenta. Dogo ya danne baƙar siririyar wayar da babban yatsa, ya tura sabon batirin da ɗaya hannun, ya ji ya zauna.

Na juya ta. Hoton Yaya yana nan, da hularsa a karkace, yadda Baba ya sa shi. Ba ta nemi lamba ba.

Dogo ya cire siraran wayoyin, ya rufe, ya sa sabuwar roba. Ya miƙa wa Umma. Ba ta karɓa ba.

"Kana kashe wayarka in ka tashi daga aiki?" ta tambaye shi.

"Ni? Matata ma cewa take da waya aka ɗaura mini aure."

"To riƙe wannan. Kullum a aljihunka, har gida."

Dogo ya dube ta, ya dube ni. Ya goge hannunsa a riga kafin ya ɗauka. Na karanta masa lambar Anti, ya sa a wayarsa.

"In ya kira ba zai yi magana ba," in ji Umma. "Kada ka ce waye, zai kashe. Kada ka ce masa Babansa ya rasu, ni zan faɗa masa. Ka ce, Ɗan Umma, tsaya, ga inda take. Sai ka karanta lambar a hankali, ka maimaita. Ba ya riƙe abu a karo ɗaya."

"Ɗan Umma, tsaya," in ji Dogo.

"Ba haka ba. Ka sassauta murya, kamar kana lallashin yaro."

Ya sake faɗa. Ta sa shi ya sake. Sannan ta dafa ni ta miƙe.

"Mu je," ta ce. "Akwatin nan bai rufu da kyau ba."