Injin da Rabo Zai Iya Tayarwa

Tun bara kafaɗar Rabo ta dama ta daina jin maganarsa. Gatari ne ya cinye ta. Bana kuma, kamar da gayya, iska ta kwantar da tsohon gawo a tsakiyar gonarsa ta Gecheme, ga kalgo da sabara sun yi kauri ta gefen yamma, ga damina ta ƙarato.

Ƙanensa Mani ya zo har gida, ya zauna a tabarma, ya ce cikin ladabi, "Yaya, ka huta bana. Ba ni aron gonag ga in noma."

Rabo ya san irin wannan aron. Gonar da ta shiga hannun Mani da ƙartan 'ya'yansa biyar ba ta sake sanin hanyar gida. In bai share ta da kansa ba kafin ruwan shuka, to ya rabu da ita ke nan. Saboda haka ya sayar da ragonsa, ranar kasuwa ya hau motar Dogon Dutsi neman injin yankan itace, ko da na hannu ne.

Ba baƙon inji ba ne shi. Da ƙuruciya ya yi shekara tara a kurmi yana yankan katako. Rumfa uku ya shiga, kowane mai rumfa sai ya fizgi igiya sau ɗaya inji ya ɗauka, ya washe baki kamar shi ya ƙera shi. Rabo ya lura cewa tun kafin a ja igiyar cikin injin da ɗumi, wato an tayar da shi da safe don ya yi wa mai saye ladabi. Rana ta take, ƙafafunsa suka yi nauyi, kuma ya gaji da jin ƙarya ana haɗa ta da rantsuwa.

Can bayan tasha ya samu wani bakanike, Luƙman, mai inji biyu a ƙarƙashin tebur, duka a sanyaye.

"Okaziyo ne duka, Baba, na hannu. Duba da kanka, ni ba ni da garanti."

Rabo ya ɗaga na farko ta mariƙin igiya, ya sake shi ya rataya. Injin ya zube ƙasa sulululu, igiyar na warwarewa. Cikin injin ya cinye, ba sauran numfashin da zai riƙe igiyar. Ya ɗaga na biyu, wani ja mai fasasshen murfi. Wannan ya tsaya cak a sama, da ƙyar yake sauka. Sarƙarsa da sauran haƙora, bujinsa, wato fulogi, a bushe. Rabo ya ji daɗi har cikin ransa, rabonsa da irin wannan daɗin an kwana biyu.

Ya ajiye shi ƙasa, ya taka da ƙafa, ya yi bisimilla ya ja. Igiyar ta fito kamar taƙi ɗaya ta ƙi gaba, wani zafi ya tsarga masa daga kafaɗa har haƙori. Ya gwada da hagu. Ya sake gwadawa. Gumi ya jiƙa masa riga, inji ko tari bai yi ba. Luƙman ya karɓa, ja biyu, rumfa ta cika da ƙara.

"Lahiya lau shike, Baba. Ƙarhi ɗai shika so. Ba ka da ɗa ko ƙane da za shi riƙa tayar maka?"

Rabo ya daɗe yana kallon jan injin. Sannan ya sunkuya ya jawo wancan gajiyayyen. Igiyarsa ta biyo hannunsa ba gardama. A ja na shida ya yi tari, ya tashi, yana hayaƙi yana rawar jiki.

Luƙman ya girgiza kai. "Tsakani da Allah, wanga ba shi kai baɗi. Kai ma ka gani."

"Na gani. Shina kai ni ruwan shuka?"

"In ka lallaɓa shi, wataƙila."

Rabo ya kashe injin, ya goge fuska da bakin rigarsa.

"Ɗaure min shi," ya ce.