Tsakar da Ba Ta Hawa Bango

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ko a gida sai a yini ba a ji muryata ba. Amma Inna ta ce abin da ya faru da Safa bai kamata ya tsaya a bakin murhu ba, sai na ari biro.

Safa ɗiyar yayana Ilu ce, shekararta biyu. Ta kwana huɗu tana amai, ta ƙi abinci, a rana ta biyar jikinta ya fara karkarwa. Da hantsi uwarta Rukayya tana shara a gindin tsohon rumbu sai ta ƙwalla ihu. Tsaka ta gani kwance kusa da kwanon yarinyar.

Goggo Kulsum, yayar mahaifinmu, ta fito da muciya a hannu. "To ga ta nan! Ita ta tofa ma ɗiyar ga yawu cikin abinci. A kashe ta, a jiƙa wa yarinya sassaƙe, gobe ta miƙe."

Na matsa na leƙa. Shekara shida na yi ina kiwon awakin Inna a dutsen bayan garinmu, can wajen Bukkuyum, ba ni da abokin hira sai abin da ke ƙarƙashin duwatsu. Na san wannan halitta. Kafin muciya ta sauka na kifa mata ƙwarya.

"Asma!" in ji Goggo. "Ke da ba ki iya gaida baƙo, yau tsaka kika samu ƙawa?"

"Goggo, wagga ba ta gida ba ce."

"Ta gidan wa ce? Ta gidan mijinki?"

Kunya ta kama ni, amma na ɗaga ƙwaryar kaɗan. "Ta gida tana hawa bango, kuma idonta ba ya rufuwa. Wagga ku dubi wutsiyarta, kamar ɗan dankali. Ku duba, tana lumshe ido. A ƙasa take zama, ƙarƙashin duwatsu, can bisa dutse. Ba ta isowa nan da ƙafarta. Cikin buhun duwatsu aka kawo ta."

A garinmu kowa ya san wane dutse ake kawowa a buhu. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara, har da ƙanena Haidar, aka hana shigo da dutsen zinare cikin gida, don ƙurarsa ce ke kisa.

Yaya Ilu yana tsaye a bakin zaure. "Ke, rufe mana baki! Wa ya tambaye ki?"

Ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai ranar. "Yaya, ina buhun yake?"

Inna ba ta jira amsa ba. Ta hau rumbun ta ɗage murfi. Buhu biyu, da ƙaramin turmi, ga farar ƙura ta zubo ta tsagar gindi, daidai inda Safa ke wasan ƙasa.

"Inna, hanyar dajin da muke daka ba ta biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga," in ji Yaya Ilu. "Kwana goma ne kawai nake daka a nan."

"Tada babur," in ji Inna. "Garin Anka za ku, asibiti. Yanzu."

Rukayya ta goya Safa suka tafi. Maƙwabta suka fitar da buhunan, suka kankare ƙasar wurin suka kai bayan gari. Da la'asar Yaya ya bugo waya: an gwada jini, dalma ce, an fara ba ta magani. Likita ya ce sun zo a kan lokaci. Sai Yaya ya ce a ba ni wayar. Na kara a kunne, ya ce, "Asma, Allah shi yi miki albarka."

Goggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe bakin ga yana da magana a ciki. Je ki da ƙawar taki, na bar miki ita."

Washegari da na idar da sallar asuba na kora awaki, ƙwarya a kaina rufe da faifai, tsakar na ciki. Na nemi faffaɗan dutse mai sanyi a ƙasansa, na karkata ƙwaryar. Tsakar ta tsaya ta lumshe ido sau ɗaya, sannan ta shige.