Wankin Ragon Mahfuza

Tayyib yana durƙushe a cikin caɓi yana datse wa wani balami kofato, sai ya ji babur ya tsaya a bayansa. Ko waiwayawa bai yi ba. Kasuwar ƙarshe ce kafin Babbar Sallah, kuma a irin wannan rana duk mai rago a kara, kasuwar dabbobin Batsari, gani yake nasa ya fi na kowa gaggawa. Tun bayan asuba yake fama. Ya jiƙa, ya goga omo, ya ɗauraye, ya shafa ruwan bula inda fari ya dishe, ya mulke ƙaho da man gyaɗa har ya riƙa ƙyalli. Wankin raguna shi ne sana'arsa, kuma 'yan kwanakin nan su ne kakarsa, shi ya sa ya sake rufin rumfa, ya kafa sababbin turaku. Rago zai shigo masa buɗu-buɗu ya fita kamar ango.

Mai babur ɗin ya yi sallama a taƙaice. Dogo ne siriri, da rigar sanyi a cikin wannan uban zafi. Ya kwance wani rago daga bayan babur ya miƙo igiyar, ya ce a wanke tas, yau za a sayar.

Tayyib ya dubi ragon ya ja tsaki. An mulke shi da baƙin mai da toka tun daga wuya har bindi. Ya tambayi wane marar tausayi ne ya yi wa dabba wannan wulaƙanci, mutumin ya ce maganin ƙazuwa ne. Tayyib ya baje gashin da yatsa, ko ɗigon ƙazuwa bai gani ba. Ya ce a ransa ina ruwana, ya kwara ruwa ya kama guga.

Baƙin ya fara gangarowa, fari ya fito. Da soso ya kai haƙarƙarin dama sai wani ja ya ɓullo, ya ƙara gogawa, sai ga tafin hannu na lalle, ƙarami, yatsun a baje. Hannun Mahfuza ne.

Mahfuza ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Zakka. Ita ta sayi ragon nan tun yana ƙarami ta kiwata don layyar gidanta, kuma duk sanda ta kwaɓa lalle sai ta danna masa tafinta a haƙarƙari, wai kada ya ɓace a cikin na maƙwabta. A watan da ya wuce 'yan bindiga suka shiga garin da la'asar, suka kora dabbobi, suka tasa ƙeyar maza, har da mijinta Sammani. An bugo waya sau ɗaya, daga nan shiru. Yanzu tana gidan Tayyib, ba ci ba barci, waya a hannu ko banɗaki za ta. Babu wanda ya san ko Sammani yana numfashi.

Tayyib ya yi maza ya tara kumfa ya rufe wurin. Soso ya suɓuce masa ya faɗa caɓi. Tsoro ne tsagwaronsa ya kama shi, har yana jin fitsari.

Can bakin kara Armaya'u ne zaune a kan benci, ɗan sa-kai, da bindigarsa ƙirar gida a kan cinya. Ihu ɗaya Tayyib zai yi, kasuwar nan gaba ɗaya ta rufe dogon nan. Ya taɓa ganin yadda ake yi, ko gawa ba a iya ganewa. To amma kafin magariba labari ya isa daji, kuma a kan waɗanda ke ɗaure ake hucewa. Ya haɗiye ihun ya sunkuya.

Shi kuwa rago, Allah sarki, me ya sani? Ya shinshina Tayyib, ya yi wani kuka, ya fara cusa baki cikin aljihun rigarsa, don duk zuwansa Zakka da 'yar kanwa yake je masa. Tayyib ya ture shi, ya dawo. Ya sake turewa, ya dawo yana goga masa goshi a kafaɗa.

"Ragon nan ya san ka," in ji mutumin.

Tayyib ya ƙaƙalo dariya, ya ce ai duk raguna haka suke masa, ƙanshin dusa ne a jikinsa. Muryarsa ma ba tasa ba ce. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya tura hannu ɗaya cikin rigar sanyin ya bar shi can.

Ana haka sai ga Armaya'u ya taso yana tafe yana sakace haƙori. Suka gaisa da Tayyib, ya tambayi gida, ya tambayi mai jiran tsammani, yana nufin Mahfuza, ya yi addu'a. Sannan ya dafa ƙahon ragon, ya ce kai, wannan ya ci kiwo, kiwon mace ne ma wannan. Ya ɗaga kai ya ƙare wa baƙon kallo daga hula har takalmi.

"Tayyib, wannan fa? Ban waye shi ba."

Kumfar tana narkewa, jan ya fara leƙowa. Tayyib ya jingina ƙirjinsa da haƙarƙarin ragon kamar mai wanke ciki.

"Mutumina ne, Armaya'u. Daga wajen Safana yake, duk shekara ni yake kawo wa."

Armaya'u ya ce to madalla, ya juya. Tayyib ya bi bayansa da ido. Yau ga shi da bakinsa ya tsaya wa ɗan daji, kuma ya san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai musu rahoto. Shi ma ba a tambayarsa sai an gama.

Da aka ɗauraye, rago ya fito fari fat, tafin nan ya fi ko yaushe fitowa. Mutumin ya nuna shi da haɓa, ya ce a cire. Lalle ba ya jin omo, sai almakashi. Tayyib ya ɗauko ya fara datsa a hankali, yatsa bayan yatsa, jan gashin yana zuba cikin caɓi yana takawa. Ya daidaita gefen don kada mai saye ya ga rami. Aiki ya yi kyau, abin haushi, don hannunsa bai iya aikin banza ba.

Mutumin ya shafa wurin ya gyaɗa kai. Ya sunkuyo kamar zai karɓi igiya.

"Bai yi ƙarya ba. Ya ce duk Batsari babu mai wankin rago kamar wan matarsa."

Tayyib ya ɗago ya dube shi. Ashe tun farko an san shi, ba ɓatan kai aka yi ba. Da ƙyar ya haɗa maganar, ƙasa-ƙasa.

"Don Allah, yana da rai?"

"Jiya dai shi ya kamo mini wannan. Shi ke ba su ruwa." Mutumin ya naɗe igiyar a hannu. "Akwai saura da yawa. Gobe."

"Gobe babu kasuwa."

"Na sani. Gida zan kawo maka, ai na san gidan."

"A'a," Tayyib ya ce da sauri. "Nan. Zan buɗe."

Mutumin ya ja ragon ya nufi cikin kara. Ragon yana tirjewa yana waiwaye, har 'yan kasuwa suka rufe su. Tayyib ya zauna daɓas a kan bokiti. Sammani yana da rai. Yana so ya ruga gida ya faɗa wa Mahfuza, amma za ta tambaye shi wa ya ce, kuma ba shi da amsar da zai iya furtawa. Sauran da za a kawo kuwa, ya san ragunan mutanen Zakka ne, waɗanda yake cin tuwonsu in ya je.

Mai balamin nan yana ta mita an bar masa rago da kofato ɗaya. Tayyib ya ce ya yi haƙuri. Ya miƙe, ya ɗaga wa wani ɗan garuwa hannu, ya ce gobe da sassafe ya cika masa duk mazuban ruwan nan, har da randa.